ZARE: Agogon kabon mai kuɗin gida, yaya yake tsufa?

1/ Jama'a, duk lokacin da hoton wani mawaƙi ko ɗan ƙwallo ya fito da baƙin agogon nan mai zane kamar jikin katako, tambaya ɗaya ake yi: nawa ne? Ni tawa daban ce. Idan ya shekara 30 a hannu, yaya zai koma? Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Mu fara daidaita magana. Gidan agogo nake nufi, wato jikin da injin yake zaune a ciki. Da can zinare ne ko azurfa, sai ƙarfen da ba ya tsatsa, sai taitaniyom, sai siramik. Kabon shi ne ɗan auta. A manyan agogunan Suwizalan ko shekara 20 bai cika ba. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

3/ Na biyu, abin da ake kira "agogon kabon" ba kabon zalla ba ne. Haɗi ne na abu biyu: zaren kabon, da danƙon da ya riƙe zaren. Kun san ginin ƙasa da ake kwaɓa laka da ciyawa? To haka. Ciyawa tana hana tsagewa, laka tana riƙe ciyawa. Kuma idan damina ta zo, ai kun san wanda ruwa yake fara ci.

4/ Zaren kansa siriri ne ƙwarai, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na gashin kai. Idan ja za ka yi, ya fi ƙarfe ƙarfi in an auna da nauyinsa. Ba ya tsatsa, rana ba ta cinsa. Matsalar duk tana wajen danƙon, da kuma inda zare da danƙo suka haɗu.

5/ Tarihin ya faro nesa da agogo. A 1958 wani masani mai suna Roger Bacon ya samar da zaren kabon mai ƙarfi a kamfanin Union Carbide a Amurka. Ba da jimawa ba Akio Shindo a Japan ya gano hanyar yinsa daga wani zaren roba. A 1963 masu bincike a Farnborough ta Ingila suka inganta shi har ya isa a sa shi a jirgin sama.

6/ Daga nan Rolls-Royce ta ce ita ce za ta fara. Ta ƙera fukafukan fankar injin jirgi, RB211, da wannan sabon abu. Sun yi sauƙi, sun jure juyawa. Sai aka zo gwajin karo da tsuntsu a 1970, aka harba musu kaza. Fukafukan suka tarwatse. Dole aka koma taitaniyom.

7/ Ba wannan kaɗai ya jawo ba, amma kuɗin da injin ya ci ya durƙusar da kamfanin, a 1971 gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi. Darasin da aka koya da tsada shi ne: kabon gwani ne wajen ja, amma bugu na farat ɗaya ba abokinsa ba ne. Ƙarfe yakan lotsa. Kabon ba ya lotsawa, sai dai ya ɓantare ko ya rabu.

8/ Wanda ya wanke masa suna shi ne tseren mota. A 1981 John Barnard ya zana wa McLaren motar MP4/1, ta farko a Formula 1 da aka yi wa gangar jiki da kabon. Mutane suka ce idan ta yi hatsari gari za ta zama. A Monza, a shekarar, John Watson ya yi mummunan hatsari, injin ya rabu da motar, shi kuwa ya fito da ƙafarsa.

9/ Tun daga ranar kabon ya zama alamar gudu da kuɗi. Keke, sandar kamun kifi, abin buga tanis, jiragen ruwa na tsere. Har Boeing 787 da ya fara ɗaukar fasinja a 2011, kusan rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗin ne. Masu agogo suna kallo, kuma su dama abin da suke sayarwa kenan: labari.

10/ Audemars Piguet sun san daɗin wannan wasan. A 1972 sun fitar da Royal Oak, zanen Gérald Genta, agogon ƙarfe zalla da aka sa wa farashin da ya wuce na agogunan zinare da yawa. Aka yi ta mamaki. Daga baya ya zama shi ne tushen duk abin da ake kira agogon wasanni na alfarma. A 1993 ƙatonsa, Offshore, ya biyo baya.

11/ Sai 2007. Ƙungiyar Alinghi ta Suwizalan, ƙasar da ko teku ba ta da shi, ta sake cin kofin America's Cup na tseren jiragen ruwa a Valencia. A shekarar Audemars Piguet ta fitar da Offshore Alinghi Team mai gidan kabon da aka matse a mazubi. Daga nan tarihin da muke magana a kai ya fara sosai.

12/ Yadda ake yinsa: a yayyanka zaren guntu-guntu, a auna, a zuba cikin mazubin ƙarfe, a danne da zafi da nauyi. Kusan kashi uku cikin huɗu zare ne, sauran danƙo ne dangin nailan. Guntayen suna kwanciya yadda suka ga dama, shi ya sa zanen yake kama da gajimare, kuma babu biyun da suke zama iri ɗaya.

13/ Me ya ja hankalin mutane? Nauyi. A girma ɗaya, idan kabon ya auna giram 1.5, taitaniyom zai kai 4.5, ƙarfe kusan 8, zinaren agogo ya haura 15. Shekara da shekaru attajiri yana auna darajar agogo da yadda yake jan hannunsa ƙasa. Kwatsam aka juya masa lissafi: mafi tsada shi ne wanda ba ka jin yana hannunka.

14/ Wanda ya kai wannan tunanin ƙarshe shi ne Richard Mille, da ya fitar da agogonsa na farko a 2001. A 2010 ya ɗaura wa Rafael Nadal RM 027, nauyinsa da maɗaurinsa kusan giram 20, farashinsa dala 525,000, guda 50 kacal aka yi. Nadal ya ci Roland Garros da shi a hannu. Talla ta gama kanta.

15/ A 2013 suka kawo wata hanyar, wadda yanzu ake kira Carbon TPT, tare da wani kamfanin Suwizalan da ya faro daga kayan jiragen ruwa na tsere. Nan ba yanka zare ake yi ba. Shimfiɗa shi ake yi falle-falle, kowane falle bai wuce maikiron 30 ba, wato bai kai kaurin gashi ba. Kowane sabon falle a karkata shi digiri 45.

16/ Sai a gasa shi a zafin digiri 120 cikin matsi, ya zama dunƙule guda, sannan inji ya sassaƙa gidan agogo daga ciki. Layukan nan da kuke gani kamar jikin katako, gefen ɗaruruwan fallayen ne da wuƙar inji ta yanka. A 2015 Panerai ta zo da nata, Carbotech, ita kuma ta haɗa fallayen da wata roba mai juriya da ake kira PEEK.

17/ Kun ga kenan kalmar "kabon" ta rufe abubuwa daban-daban. Akwai yankakke da aka matse. Akwai mai falle-falle. Akwai kuma na masu sauƙin kuɗi, wanda asali roba ce aka barbaɗa wa gajerun zare don ta ƙara ƙarfi. Tsufansu ba ɗaya ba ne. Duk wanda ya ce maka "kabon ba ya tsufa", tambaye shi: wanne?

18/ To mu shiga ainihin maganar. Abu na farko da shekaru suke yi masa shi ne ƙyalli. Sabon gidan kabon dusu-dusu yake, ba ya sheƙi. Hannun riga, fata, gumi da shafawar yatsa suna goge saman danƙon a hankali. Bayan wasu shekaru kusurwoyi da gefuna sai su fara sheƙi, tsakiya kuma tana nan yadda take.

19/ Kamar allon kwamfutar da aka daɗe ana dannawa, wasu haruffan sun yi santsi wasu ba su yi ba. Wannan ba lalacewa ba ce, ƙarfinsa yana nan. Wasu masu shi ma so suke yi, suna cewa zanen ya ƙara fitowa. Amma dai agogon ya daina kama da hoton ranar da aka saye shi, kuma ba ya komawa.

20/ Na biyu, ƙarzuwa. Nan ake yawan ruɗa mutane. Ƙarfi daban, taurin fata daban. Zaren yana da ƙarfi, amma abin da ƙusa ko bakin ƙofa yake fara taɓawa danƙo ne, shi kuwa ya fi ƙarfe laushi. Sa'ar da kabon ya ci ita ce launinsa ɗaya ne ciki da waje, ga zane mai ruɗa ido, sai ƙananan tabo su ɓuya.

21/ Ku kwatanta da agogon ƙarfe da aka shafa wa baƙin launi a sama. Shi da zarar ya ƙarzu sai farin ƙarfe ya leƙo, kowa ya gani daga nesa. Kabon ba ya tona asirin mai shi haka. A wannan fannin kam ya yi nasara.

22/ Mu nan muna da ƙarin abokin gaba: ƙurar hunturu. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi ƙarfen agogo tauri, balle danƙo. Idan ƙura ta kwanta a agogo ka sa gefen riga ka murza a bushe, sanfefa ka yi masa. Wannan ya shafi kowane agogo, har na dubu biyar. A fara ɗaurayewa, sannan a goge.

23/ Na uku, kuma shi ne mai zafi: ɓantarewa. Buga agogon ƙarfe a bango, zai lotsa kaɗan. Buga na kabon a kusurwa mai kaifi, yana iya tsira ba tabo, yana kuma iya zubar da ɗan guntu. Kazar Rolls-Royce ce dai ta dawo a ƙaramin sikeli. Wuraren da suka fi shan wahala su ne kunnuwan da ke riƙe maɗauri da zoben da ya kewaye gilashi.

24/ Ku lura da wani abu. Alinghi na 2007 har zobensa kabon ne. Amma samfuran Audemars Piguet da suka biyo baya, irin mai baƙi da rawaya da ake wa laƙabi da Bumblebee da kuma Diver na 2012, zoben siramik aka sa musu. A karatuna, wannan amsa ce ba da baki ba: inda aka fi bugawa, sai aka sa abin da ya fi tauri.

25/ Shi mai falle-falle kuma nasa haɗarin shi ne fallayen su saki juna, kamar littafin da ya sha ruwa. A jiragen sama wannan babbar magana ce, domin bugu yana iya raba fallaye a ciki alhali waje lafiya lau, sai an sa na'urar sauti ake ganowa. Gidan agogo ƙarami ne mai kauri, ba ya ɗaukar irin wannan lodin, don haka haɗarin ya ragu sosai. Amma dabi'ar kayan ba ta canza ba.

26/ Na huɗu, rana da ruwa. Hasken rana yana cin danƙo a hankali. Duk wanda ya ga tsohuwar murfin mota na kabon da ya yi rawaya ko ya yi fari-fari ya ga wannan da idonsa. A agogo abin yana da sauƙi saboda zaren baƙi ne, yana tare hasken, sai lalacewar ta tsaya a fatar sama. Baƙin yakan ɗan koma toka-toka.

27/ Nau'in danƙon ma yana da tasiri. Dangin nailan yana shan ɗan danshi daga iska da gumi. PEEK kusan ba ya sha, ga jure zafi da sinadarai, sai ya haura digiri 340 yake narkewa. Shi ya sa agoguna biyu da duk aka rubuta musu kabon za su iya rabuwa a kamanni bayan shekara 10 a hannun mutum ɗaya.

28/ Na biyar ba a ganinsa a hoto. Kabon yana ɗaukar lantarki. Idan ya haɗu da alminiyom cikin ruwan gishiri, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyom ya riƙa cinyewa. Gumi kuwa ruwan gishiri ne. Taitaniyom ne yake zama lafiya da kabon, shi ya sa za ku yawaita ganinsa a sukurori da murfin bayan waɗannan agogunan.

29/ Haka kuma ramin sukuru. Idan a jikin kabon aka yanka haƙoransa, ɗaurewa da kwancewa suna cinye su. Don haka ake dasa ƙarfe a ramin. Wasu ma gida biyu suke yi: Doxa Sub 300 na kabon, na taitaniyom ne a ciki yake tare ruwa, kabon yana waje. Wato ko masu ƙera shi ba su bar masa aikin shi kaɗai ba.

30/ Yanzu ga inda kuɗi yake. Tsohon agogon ƙarfe ko zinare idan ya sha duniya, gwani zai cike ramin da waldar leza, ya goge, ya fito da kusurwoyin. Kabon ba a yi masa walda. Idan ka goge shi da yawa, danƙo kake cirewa kana tone zare. Abin da ya ɓantare ya tafi. Gyaran gaskiya shi ne a canza ɓangaren gaba ɗaya.

31/ Wa yake da ɓangaren? Kamfanin da ya yi shi, shi kaɗai. Mai gyaran agogo na bakin kasuwa, duk iyawarsa, ba shi da mazubin. Kenan ranka yana hannun kamfani: sai yana raye, sai yana da sauran kayan, sai kuma farashin da ya yanka maka. Kuma sabon gidan da za a sa maka zanensa daban ne, tunda babu biyu iri ɗaya.

32/ Wannan ya ci karo da yadda kasuwar tsofaffin agoguna take tunani. A can, abin da ba a taɓa canzawa ba shi ne sarki. A 2016 an sayar da Patek Philippe 1518 na ƙarfe, ƙirar shekarun 1940, sama da faran miliyan 11 na Suwizalan a Jeniba. A 2017 Rolex Daytona na Paul Newman ya tashi dala miliyan 17.8, da tabonsa da komai.

33/ Waɗannan sun nuna yadda ƙarfe yake kaiwa shekara 50 ko 70 yana ƙara daraja. Tagulla ma an san halinta, tana yin duhu da kore, har Panerai ta mai da wannan abin talla da Bronzo a 2011. Kabon fa? Mafi tsufansa a wannan aji yanzu yake shekarun shiga jami'a. Gwajin ɗakin bincike yana hasashe, amma hannun mutum ne yake yanke hukunci.

34/ Kamfanonin ma suna ta gyara a hanya. Audemars Piguet ta ajiye kabon na wasu shekaru ta mai da hankali kan siramik, sai a 2024 ta dawo da sabon salo a Royal Oak Concept, wanda ta ce an rage masa danƙo don ya fi jure ƙarzuwa. Ku sake karanta wannan. An rage danƙo. Lakar ginin nan dai da muka fara da ita.

35/ A gefe guda kuma kabon ya sauko ƙasa. Casio ta sa shi a G-Shock, Tudor ta fitar da Pelagos FXD na kabon a 2023, Tissot ma ta shigo da Sideral a shekarar. Wannan zai taimaka wa tarihi, domin agogon da ake sawa kullum a hau babur da shi ya fi faɗin gaskiya a kan wanda yake kwance a akwatin banki.

36/ Idan kana da irinsa, ko na mai sauƙi ne: ɗauraye shi da ruwa bayan gumi, in dai mai jure ruwa ne. Nisanta shi da abin goge jan farce da man korar sauro mai DEET, suna cin roba. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana, domin ko gidan ya jure, robobin da ke tare ruwa da man injin ba za su gode maka ba. Kuma kada ka bari a sa masa injin gogewa.

37/ In kuma na hannu za ka saya, haska fitila a kusurwoyi da kunnuwa da bakin ramukan sukuru. Sheƙi ba komai ba ne. Ɓantarewa, tsaga, ko zare da ya tashi kamar gashi, su ne abin gudu. Ka kuma tuna akwai leda mai zanen kabon da ake mannawa a bayan waya. Zane kawai ba ya tabbatar da komai.

38/ Ra'ayina? A matsayin aikin injiniya, ina girmama shi. Agogon da bai kai nauyin batir ɗin rimot biyu ba ya jure bugun Nadal, wannan ba wasa ba ne. Amma ana sayar da agogon alfarma ne da alƙawarin gado, cewa jikanka zai ɗaura. Zinare da ƙarfe sun cika wannan alƙawarin a gaban shaidu. Kabon har yanzu bashi ya ci.

39/ Shi ya sa idan na ga ana musu a nan kan wane ne ya fi wane tsadar agogo, nakan so a ƙara tambaya ɗaya: idan ya faɗi a kan tayil, wa zai gyara, kuma da me? Abin da ba ya tsatsa ba shi ne abin da ba ya tsufa ba.

40/ Nan zan tsaya. Masu G-Shock na kabon da suka shekara uku ko huɗu da shi, don Allah ku ajiye mana hoton gefensa a ƙasa mu ga yadda zafinmu da ƙurarmu suka yi da shi. Zare na gaba a kan siramik ne, wanda ba ya ƙarzuwa amma yana fashewa. Wanda ya karanta har nan, Allah ya ba ka na gaske, ba na leda ba 😄